Kafin a Ƙara wa Jirgi Reshe, a Duba Gindinsa

Wata ranar Talata da yamma, daidai lokacin tashi daga aiki, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na cikin gari, irin ƙananan nan masu aiki da lantarki da ke bin titi kafaɗa da kafaɗa da motoci. Jirgin da nake jira ina hango shi da idona. Tsakanina da shi bai fi taku ɗari ba, amma ya kasa ƙarasowa. A gabansa akwai wani yana ɗaukar fasinja, a gaban wancan kuma danja ta tsayar da wani.

Da danjar ta ba da hannu, sai ga wata mota ta kutso tsakiyar mahaɗar za ta yi kwana. Titin da za ta shiga a cike yake, sai ta tsaya cak a kan layin dogo. Mutum ɗaya ne a cikinta, yana ma danne-dannen waya. Jirage uku, kowanne maƙil da mutane har bakin ƙofa, suka yi cirko-cirko suna jiran mutum ɗaya. Kafin ya matsa, danja ta sake rufewa.

Wannan bai ba ni haushi sosai ba, don na saba gani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allon da ke rataye a saman kaina. Hukumar jiragen ce ta kafa shi, tana albishir da sabon layi da zai kai ga unguwannin da ake ginawa a bayan gari. An zana shi da launi mai ɗaukar ido. Na bi zanen da ido tun daga can ƙarshensa har tsakiya, sai na ga ashe shi ma ta wannan titin da muke tsaye zai bi.

Ra'ayina ke nan, tun kafin in yi nisa. Birnin da ke girma, wanda duk layukan jirginsa ke haɗuwa a titi ɗaya cikin ƙwaryar gari, bai kamata ya ƙara ko da layi ɗaya ba sai ya gyara wannan mahaɗar. Gyaran kuma ba da haƙa rami ake fara shi ba. Ana farawa ne da raba jirgi da motoci, da tsawaita jiragen, da tsintar daƙiƙun da ke zubewa a tasha da danja. Amma tun yau, ba gobe ba, a fitar da hanya ta biyu da za ta ratsa tsakiyar garin a kan taswira, a hana kowa gini a kanta.

Lissafin da ba a rubutawa a allo

Mazurari komai faɗin bakinsa, abin da ƙasansa ya yarda ya wuce shi ne zai wuce. Haka layin da ke ratsa ƙwaryar birni yake.

A ce titin yana iya wucar da jirgi ɗaya duk minti biyu da rabi ta kowane ɓangare. Jirage 24 ke nan a awa. Idan layi biyu ne ke rabawa, kowanne ya samu 12, mai jira a unguwa zai ga jirgi duk minti biyar. Idan suka zama huɗu, kowanne ya samu shida, jira ya koma minti goma. Ƙara na biyar, jira ya haura minti sha biyu. Ba a ƙara wa tsakiyar gari ko kujera ɗaya ba. An dai karɓe daga hannun tsofaffin unguwanni an miƙa wa sabuwa, aka kira abin ci gaba.

Kuma wannan lissafin na ranar da komai ya tafi daidai ne. Ranar da ƙofar tarago ɗaya ta ƙi rufuwa a tsakiyar gari, duk layukan ne za su tsaya, har da na mutumin da ke can nesa da kilomita 20, wanda bai san abin da ya faru ba. Shi dai ya ga jirgi bai zo ba, ya zagi direba. An bar jaki ana dukan taiki.

Birnin Dalas na Amurka ya buɗe jirginsa a 1996, ya yi ta miƙa layuka har ya zama cikin mafi tsawo a ƙasar. Amma layukansa huɗu duk ta hanya guda suke ratsa tsakiyar gari. Shekara da shekaru ana maganar hanya ta biyu ta ƙarƙashin ƙasa, wadda suka raɗa wa suna D2. An zana, an sake zanawa, an yi taro, an yi gardama a kan inda za ta bi, daga ƙarshe aka jingine ta. Abin da suka samu suka kammala shi ne tsawaita dandamalin tashoshi 28 don su karɓi jirgi mai tarago uku. Aikin ba shi da armashin da za a yi masa biki, amma shi ne ya ƙara wurin zama.

Fotland kuwa, a can arewa maso yammacin Amurka, tun kafin a san za a yi jirgin aka ɗaure masa ƙafa. Waɗanda suka yanka filayen garin a ƙarni na 19 sun yi tazara tsakanin titi da titi ƙafa 200 kacal, wajen mita 61. Jirgin da ya wuce tarago biyu, in ya tsaya a tasha, wutsiyarsa za ta toshe mahaɗar baya. Don haka tun daga 1986 da aka fara, tarago biyu ne iyakarsu, komai yawan jama'a. Ga shi kuma yawancin layukan gada ɗaya suke bi su haye kogi, gadar ƙarfe da aka gina tun 1912, wadda har yau ake ɗaga ta idan babban jirgin ruwa zai wuce.

Na kawo su ne don a ga cewa matsalar ba ta rashin kuɗi ko rashin injiniyoyi ba ce. Masu kuɗin ma haka suke fama.

Inda daƙiƙu ke zubewa

Yawan mutanen da layi ke ɗauka a awa abu biyu ne ke haifar da shi: jirgi nawa ke wucewa, kuma mutum nawa kowanne ke ɗauka. Na biyun ya fi sauƙin ganewa. A ce tarago ɗaya na ɗaukar mutum 200, na zaune da na tsaye. Jirage 24 masu tarago biyu, mutum 9,600 ke nan a awa. Mai da su masu tarago uku, ka samu 14,400, ba tare da ka ƙara direba ko ɗaya ba, ba tare da ka nemi ƙarin daƙiƙa daga danja ba.

Kalgari ta Kanada ta yi wannan. Tun da ta fara a 1981 ta hana motocin gida bin titin da jirgin ke ratsawa a tsakiyar gari, wato titi na bakwai, ta bar shi ga jirgi da bas da motocin agajin gaggawa. Da cunkoso ya yi yawa, sai ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya tana tsawaita su, a ƙarshen 2015 ta fara sakin jirage masu tarago huɗu a maimakon uku. Ƙarin kashi ɗaya cikin uku ke nan a kan layin da yake nan tun da. A Budafes ta ƙasar Hungari ma, tun 2006 suke amfani da jirage masu tsawon mita 54 a layin da ya fi kowanne cika, a kan titi, ba rami.

Na farkon, wato yawan jiragen, shi ne mai wuyar sha'ani, domin a nan ne ƙananan abubuwa ke cin lokaci ba a sani ba.

Tsaya a tasha ka duba agogo. Jirgi ya iso, ƙofa ta buɗe. Masu fita suna son fita, masu shiga sun tare ƙofa don dandamalin ƙunci ne da shi, babu inda za su ja baya. Wata baiwar Allah tana fama da keken jariri a kan matakala, don ƙasan jirgin ya fi dandamalin tudu. Wani yana laluben aljihu a bakin ƙofa yana neman kati. Wani ya taho da gudu ya sa hannu ya tare ƙofa, ta sake buɗewa. Tsayuwar da ya kamata ta ci daƙiƙa 20 ta ci 50.

Daƙiƙa 30 ba komai ba ce, in ji mai sauraro. To, ka tuna akwai danja a gaban tashar. Jirgin da ya makara da daƙiƙa biyar ya rasa hannun da aka ba shi, sai ya jira zagaye guda cur. Na bayansa ba zai shiga tasha ba sai ya fita. Na bayan wancan ma haka. Abin da na gani ranar Talatar nan ke nan.

Maganin waɗannan duk sananne ne, kuma ba ya buƙatar injin haƙa. A daidaita tudun dandamali da ƙasan jirgi yadda mai keken guragu zai shiga da kansa. A faɗaɗa dandamalin, ko da za a ci wurin ajiye motoci. A sayar da tikiti a waje, a bar mutane su shiga ta kowace ƙofa. A sa na'urar da ke sanar da danja cewa jirgi na tafe, ta riƙe masa hannu.

Sai kuma abin da ba wanda ke son ji: a rage tashoshi. A birane da yawa, tashoshin tsakiyar gari sun yi kusa da juna har kana iya kiran abokinka daga wannan zuwa waccan ya amsa. Kowane babban kanti da kowace ma'aikata sun nemi a tsaya a ƙofarsu, aka kuma biya musu. Fotland ta rufe uku daga cikin irin waɗannan a 2020, bayan dogon ja-in-ja. Na san akwai tsoho da mai ciwon ƙafa da ƙarin tafiyar mita 150 ba wasa ba ce gare su, ba na kuma raina wannan. Shi ya sa za a zaɓi wadda za a rufe da hankali, a bar ta kusa da asibiti, a gyara hanyar ƙafa tsakanin sauran. Amma jirgin da ke tsayawa duk bayan taku kaɗan, mai tafiya a ƙasa ma yana iya riga shi.

"Mu da ba mu da jirgin ma fa?"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi a kaina, kuma na ji ta daga bakin mutanen da nake ganin girmansu. Mai zama a sabuwar unguwa zai ce: ku da kuke da jirgi kuna kukan ya cika, mu ko layin ba mu gani ba, kuma harajin da muke biya ɗaya ne. Da babu gara ba daɗi.

Gaskiya ne, tsakiyar gari ta saba cinye rabon kowa. Amma wa ke cikin jiragen nan uku da suka maƙale? Ba masu benayen ƙwaryar birni ba ne. Mutanen unguwanni ne, masu shara da masu gadi da ma'aikatan jinya da ɗalibai, da suka taho daga wannan gefe za su wancan. Gyaran tsakiya nasu ne. Mutumin sabuwar unguwar ma, ranar da layinsa ya iso, ta nan zai bi. Idan aka kawo masa layi ba a gyara tsakiya ba, jirgin da zai samu shi ne mai zuwa duk bayan minti 15, ya kai bakin gari cikin sauri, sannan ya yi ta jan ciki.

Kafin nan kuma ba a ce a bar shi haka ba. Bas mai hanyarta ta kanta, wadda ke kai shi tashar jirgi mafi kusa a kan lokaci, ana iya samar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu. Kuma ba dole ba ne kowane sabon layi ya shiga tsakiyar gari. Mai zuwa daga arewa zuwa gabas, me ya kai shi ƙwaryar birni in ba don babu wata hanya ba? Layin da ke zagaye gefen gari yana rage wa mazurarin kaya. Irin wannan ƙarin ba na adawa da shi ko kaɗan.

Dalilin da ya sa ake fifita sabon reshe ba ɓoyayye ba ne. Sabon layi ana aza masa harsashi, a yi masa bikin buɗewa, a ɗauki hoto. Wa ya taɓa ganin magajin gari ya tara 'yan jarida don an rage wa danja daƙiƙa goma?

"A haƙa rami kawai a huta"

Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu cewa duk wannan kwaskwarima ce, a shigar da jirgin ƙarƙashin ƙasa a gama. Suna da tarihi a bayansu. Boston ta Amurka ta yi haka tun 1897, lokacin da taragu suka cushe titin Tremont har aka rasa yadda za a yi, kuma ramin nan har yau yana aiki. A ƙarƙashin ƙasa babu danja, babu mai yin kwana, babu ruwan jirgi da tazarar tituna.

Ban ce kada a haƙa ba. Na ce a san abin da ake saye, da lokacin da za a karɓe shi.

Birnin Karlsruhe na Jamus yana da babban titin kasuwanci na masu tafiya a ƙasa, inda a da jirage ke bin juna kamar jerin gwano. Jama'a suka ƙi rami a ƙuri'ar 1996, suka yarda a 2002. Aka fara aiki a 2010, ba a buɗe ba sai Disambar 2021. Kuɗin da aka ƙiyasta da farko wajen Yuro miliyan 500 ne, aka tashi da kusan biliyan ɗaya da rabi. Yaron da aka haifa a shekarar da aka amince da aikin, sai da ya isa shiga jami'a kafin ya hau. A Los Anjeles, ramin da ya haɗe layukan tsakiyar gari a watan Yunin 2023 kimanin kilomita uku ne kacal, tashoshi uku ne a cikinsa, ya ci kimanin dala biliyan 1.8. Ya yi amfani, don a da sai mutum ya sauya jirgi sau biyu kafin ya ratsa garin. Amma dubi tsawon, dubi kuɗin.

To, a cikin shekaru goma ko sha biyar da za a yi ana haƙa, mutanen da ke tsaye a tasha yau su yi yaya? Wannan ita ce tambayar da masu son rami ba sa amsawa. Abin da na fi tsoro ma shi ne alƙawarin rami ya zama uzuri. Duk wanda ya ce a hana motoci bin layin jirgi, sai a ce masa ya yi haƙuri, rami na zuwa.

Akwai kuma abin da fasinja ke asara wanda ba a faɗa. Tashar kan titi, daga bakin hanya sai cikin jirgi. Ta ƙarƙashin ƙasa sai ka sauka hawa biyu ko uku, in ka isa ka sake hawa. Mai gajeriyar tafiya, lokacin da rami ya rage masa a cikin jirgi, matakala ta karɓe. Ranar da na'urar hawa ta lalace kuwa, mai keken guragu ya koma gida.

Zurik ta Suwizalan ta bi wata hanyar. Sau biyu mutanenta suna watsi da shirin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a 1962 da 1973. A 1977 suka amince a kashe kuɗi wajen ba jirgin kan titi da bas fifiko: hanyarsu daban, danja ta san da zuwansu. Har yau jiragen nan a sarari suke ratsa tsakiyar garin, kuma ana misali da su wajen cika lokaci. Don adalci, Zurik ta haƙa rami daga baya, amma na manyan jiragen da ke fita garuruwan kewaye, wanda ya fara aiki a 1990. Wato ta raba mai dogon zango da mai gajere, kowa da hanyarsa.

Tsakanin rami da zaman jira akwai mataki na uku, wanda Mancesta ta Ingila ta ɗauka. Tun 1992 hanya ɗaya jiragenta ke bi su ratsa tsakiyar gari. Da layuka suka yawaita, sai ta shimfiɗa ta biyu a kan wani titin, kilomita 1.3, a kan fam miliyan 165, ta buɗe a Fabrairun 2017. Shi ma aikin bai zo da sauƙi ba, har tsohuwar maƙabarta masu haƙa suka tarar a ƙarƙashin titin. Amma yanzu in hanya ɗaya ta toshe, akwai inda za a karkatar da jirage, garin ba zai tsaya cak ba.

Rami lokacinsa yana zuwa ne idan an tsawaita jirgi iyakar abin da tituna za su bari, an kori motoci, an gyara danja, kuma duk da haka ana barin mutane a dandamali. Birni irin Fotland, da tsarin titunansa ya hana tsawaitawa, zai kai wannan matsayin da wuri. Yawancin birane ba su ko kama hanyar kaiwa ba suke fara maganar haƙa.

Masu shaguna da masu motoci

A nan ne ake kai ruwa rana. Mai shago zai ce in aka hana mota, ciniki ya mutu. Ina fahimtar tsoronsa, don shi ne ke biyan haya a ƙarshen wata, ba mai zana taswira ba. Abin da nake roƙonsa shi ne ya tsaya a ƙofar shagonsa yini ɗaya ya tambayi duk mai shigowa da me ya zo. A gaban shago wurin mota nawa ne? Biyu, ko uku. Jirgi ɗaya kuwa yana sauke ɗaruruwa a kusurwar titin.

Toronto ta Kanada ta gwada a titin King a Nuwambar 2017. Ba ta ma hana motoci gaba ɗaya ba. Ta dai ce mota ba za ta miƙe ta ratsa titin daga farko zuwa ƙarshe ba, dole ta yi kwana ta fita a yawancin mahaɗu. Fenti da alluna da 'yan shingaye aka sa. Masu gidajen abinci suka yi ca, wasu har da zanga-zanga. Fasinjojin layin suka tashi daga kimanin 72,000 a rana zuwa 84,000, a Afrilun 2019 majalisar birnin ta mai da tsarin na dindindin.

Inda masu shaguna ke da gaskiya shi ne maganar sauke kaya, da lokacin gini. Dole a ware musu wuri da sa'o'in da motar kaya za ta tsaya, a titin gefe ko da sassafe. Idan za a tona gaban shagon mutum wata shida, a faɗa masa ranar farawa da ranar gamawa, a kuma cika. Hukumar da ta yi wasa da wannan ita ta jawo wa kanta abokan gaba.

Mai mota kuwa, titin gaba da na baya duk nasa ne. Ɗaya ake nema daga cikin goma.

Wasu kuma sun ce tun bayan annobar korona ma'aikatan ofis da yawa a gida suke aiki, tsakiyar gari ba za ta sake cika kamar da ba, me ya sa za a kashe kuɗi? Wannan hujja ce mai kyau ta kada a yi gaggawar haƙa rami. Ba ta taɓa sauran ba. Gyaran danja da dandamali yana rage wa mutum lokaci ko jirgin a cike yake ko da sauran wuri.

Jirgin da ke kan takarda da wanda ya fito

Akwai wani abu da ke karya duk lissafin da na yi a sama, kuma ba a tsakiyar gari yake ba. Yana gareji.

Adis Ababa ta buɗe nata jirgin a Satumbar 2015, layi biyu, a kan dala miliyan 475, da jirage 41. Duniya ta yaba, kuma abin a yaba ne. Bayan 'yan shekaru rahotanni suka nuna waɗanda ke fita aiki ba su kai rabi ba, sauran suna ajiye don rashin kayan gyara. Layin yana nan, tashoshin suna nan, jama'a na jira. Otawa ta Kanada ma ta samu raminta a tsakiyar gari a 2019, sai jiragen suka yi ta ba da matsala, har sau biyu suna sauka daga kan layi a 2021, abin da ya kai ga kafa kwamitin bincike.

Don haka duk wanda ya kawo shirin ƙara tarago, a tambaye shi ina za a kwantar da su da dare, makanikai nawa zai ɗauka, wutar da ke kan layin za ta iya jan jirgi mai tarago huɗu ko sai an ƙara tashoshin wuta, kuma kuɗin gyara na shekara goma daga wane aljihu zai fito. In ya fara kame-kame, shirin nasa zane ne kawai.

Filin da za a hana ginawa

Na ce a fitar da hanya ta biyu tun yau, ko da ba za a gina ta ba sai bayan shekara ashirin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Birnin da ke girma, kowace shekara sabon bene na tashi a tsakiyarsa, kowanne da ginshiƙai masu zurfi da wurin ajiye motoci a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya tashi a kan hanyar da rami zai bi, ya tilasta wa ramin ƙara zurfi ko yin kwana, kuma duka biyun kuɗi ne.

Siyatil ta Amurka ta haƙa rami a tsakiyar gari ta buɗe a 1990, tun ba ta da jirgin, bas ne ke bi. Har layin dogo aka shimfiɗa a ciki don jiran gaba, ko da yake daga baya sai da aka cire shi aka sa wani don bai dace ba. Jirgi ya shiga a 2009, suka yi zaman tare da bas shekara goma, a 2019 aka fitar da bas ɗin aka bar wa jirgi. Kalgari kuma, lokacin da take gina ofishin hukumar birni a shekarun 1980, ta bar wani guntun rami a ƙarƙashinsa don layin da take sa ran yi wata rana. Har yanzu jirgi bai bi ta ciki ba. Wani zai ce asara ce. Ni ina ganin ɗan abin da aka kashe a lokacin bai kai kuɗin tono a ƙarƙashin ginin da mutane ke ciki ba.

Ba ma sai an kai ga zuba kankare ba. Zanen hanyar a kan taswirar ofishin ba da izinin gini ya isa, da sharaɗin cewa duk mai gini a nan zai ja ginshiƙinsa gefe, ya bar wurin ƙofar tasha a kusurwa. Masu filaye za su yi ƙorafi, wasu su kai ƙara, a biya wanda ya cancanci diyya.

Na sake bi ta tashar nan bayan kwana biyu. Allon yana nan, har an ƙara masa fitila don a riƙa ganinsa da dare. Na karanta shi daga sama har ƙasa: tsawon layin, yawan tashoshin, shekarar da za a gama, duk an rubuta. Na nemi inda aka faɗi jirgi nawa ne zai riƙa wucewa ta wannan titin a awa bayan an ƙara shi, da wanda za a rage wa don a ba shi wuri, ban gani ba.